Kazar Hoto

Sau uku Muktar yana turo manyansa gidan su Hapsatu a unguwar Lokuwa da ke Mubi, sau uku ana ba su ruwan sanyi ana rako su bakin titi. Ba wanda ya taɓa cewa ba za a ba shi ba. Cewa ake yi a jira Bappa Gabdo, wan marigayi mahaifinta da ke zaune a Sorau, don shi ne waliyyi.

Bappa kuwa tun bai ga fuskar Muktar ba ya riga ya san laifinsa. Ba shi da ko saniya ɗaya, kuma dangin uwarsa coci suke zuwa. Sana'arsa ta ɗaukar hoton abinci, wannan a wurin Bappa ba ta ma kai matsayin laifi ba, wauta ce kawai.

Mahmoud, ɗan aminin Bappa, yana da shanu. Duk mako ana loda masa tirela. Abin da ya fi tsawo da ya taɓa karantawa shi ne lambar mota, kuma hakan bai rage masa ko ƙwayar farin jini a gidan su Hapsatu, inda shi ma yake neman aure, ba.

Hapsatu shekararta ashirin da bakwai. Ta gama karatu, ta jira aiki har ta gaji, ta kama dafa abinci tana sayarwa ta waya. Mutane su ga hoto, yawu ya tsinke musu, su kira. Muktar ne ya koya mata cewa abincin da ya yi daɗi a baki daban, wanda ya yi kyau a hoto daban, kuma da wuya su zauna a faranti ɗaya.

Ranar Talata da hantsi suna cikin shagon ƙofar gida, iyakar inda aka yarda ƙafarsa ta taka. Ya jawo teburi kusa da taga, ya jingina farin kwali a ɗaya gefen don ya dawo da haske.

"Minti nawa kika ba kazar nan a wuta?"

"Goma, ranka ya daɗe."

"Takwas na ce. Dubi fatar ta fara tattarewa kamar goshin Hamma Ishiyaku."

"Ka bari ya dawo ka faɗa masa a gabansa, jarumi."

"Ni da nake so ya ba ni ƙanwarsa? Goshinsa ya fi na kowa kyau a Mubi."

Ta yi dariya tana rufe baki da gefen mayafi. Kazar ɗanya ce, waje kawai wuta ta lasa, domin dafaffiyar kaza motsewa take yi a gaban kyamara. Ya cusa mata auduga a ciki har ƙirjinta ya taso. Hapsatu ta ja fatar ta miƙe, ta bi ta da ƙananan allurai ta ƙasan cinya da fiffike da wuya, inda idon kyamara ba ya kaiwa. Shi kuma ya dama man inji da jan man goge takalmi a murfin gwangwani, ya riƙa shafawa da buroshi a hankali har kazar ta yi jawur tana sheƙi. Ya gasa wayar ƙarfe a wuta ya ɗora mata layi-layi, kamar yanzu aka sauke ta daga kan garwashi.

Shinkafar ma rabinta ƙarya ce. Ƙaramin kwano aka kife a tsakiyar faranti aka lulluɓe shi da ita don ta yi tudu. A baya ya ɓoye dunƙulen auduga da aka tsoma a tafasasshen ruwa, tururi yana tashi.

Dada, mahaifiyar Hapsatu, ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Mace ce da in ta ga ƙwayar shinkafa a ƙasa sai ta tsuguna ta ɗauka. Da ta ji ana ɓata kaza guda da man inji a binne a bayan gida, da ranar sana'ar ta mutu. Don haka aka ɓoye mata.

"Juma'a Bappa zai zo," in ji Hapsatu.

"Na sani. Da kaina zan zo in durƙusa."

"Ba zai dube ka ba."

"Sai in yi ta durƙuso har gwiwata ta dame shi."

Bai rufe baki ba suka ji hon. Ta leƙa ta taga. Motar Mahmoud ce, Bappa a gaba yana riƙe da sandarsa tsakanin gwiwoyi, Hamma Ishiyaku a baya. Mahmoud ya bi dattijon har Sorau ya ɗauko shi kwana uku kafin lokaci, kuma ba don tausayin ƙafarsa ba.

"Fita ta lungu! Muktar, don Allah, kada su same ka a nan!"

Ya share kayan aikin duka cikin jaka ya fice ta ƙofar gefe. Ita kuma ta suri farantin ta shige cikin gida, ta tura shi saman kanta a kicin, ta rufe da faifai. Tana juyowa ta ci karo da Dada.

"Ke, baƙi a ƙofa babu ko ruwan sanyi a gidan nan! Maza gidan su Dokas ki karɓo ƙanƙara."

"Dada, bari in..."

"Ki bari me? Wuce!"

Gidan su Dokas layi uku ne daga nan. Ta tafi da gudu-gudu.

Dada ta tsaya a kicin tana duban tukunyarta. Ɗumamen tuwo ne kawai da miyar jiya. Wan miji ya taso tun daga Sorau, ga mai neman aure a gefensa, a sa musu ɗumame? Tana laluben abin fita kunya hannunta ya taɓa faifai. Ta ɗaga.

"Allah ya yi wa yarinyar nan albarka," ta ce.

Ba ta taɓa ganin kaza mai kyau irin wannan ba. Gaskiyarta, babu irinta.

Bappa ya zauna a tabarma a tsakar gida, murar damina ta toshe masa hanci, ko kananzir aka kai masa ba zai ji ba. Ya yi bisimilla ya ɓalli gefen cinya. Turamensa sun daɗe da ƙarewa, don haka lomar farko bai wahalar da kansa da tauna ba, ya haɗiye. Ya ɗan ɓata fuska, ya kai ta biyu.

Ƙarar da ya yi sai da kajin maƙwabta suka watse.

Ya dafe baki, jini yana bin yatsunsa yana sauka kan farin gemu. Ishiyaku ya tsuguna ya buɗe masa baki da ƙarfi, ya zaro allura daga dasashinsa. Ya dubi allurar, ya dubi kazar. Ya sa hannu biyu ya yage ta.

Auduga ta fito. Jan nama ɗanye ya fito. Allurai suka riƙa zubowa kan faranti suna ƙara. Hannunsa ya yi baƙi da wani mai da ba na girki ba.

"Innalillahi!" Dada ta zube a ƙasa.

Mahmoud ya miƙe. Tun da aka haife shi bai taɓa gane abu da sauri irin na ranar ba.

"Asiri ne! Allura a cikin nama, auduga kamar ta gawa! Wallahi kashe Bappa aka so yi, ko a ɗaure masa baki. Dada, wa ya shigo gidan nan yau?"

"Babu kowa... sai mai hoto."

Ta so ta mayar da maganar ciki, amma ta riga ta fita.

Da Muktar yana da hankali da tuni ya yi nisa, ya kai garin Bahuli a lokacin. Amma yana bakin lungu a tsaye, waya a hannu, yana jiran ta rubuto masa cewa komai lafiya. A nan Ishiyaku ya same shi. Bai tambaye shi komai ba, ya kai masa naushi a baki, ya shaƙo wuyan rigarsa ya jawo shi titi.

"Hamma, me na yi? Hamma!"

"Uban wa ne hammanka?"

Mahmoud ya fizge jakar ya zazzage ta a ƙasa, yana ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya don jama'a su gani. Masu Keke Napep sun riga sun tsaya, masu shaguna sun fito, ɗalibai sun ɗaga wayoyi.

"Ga allurai, kwali guda! Ga auduga! Ga baƙin ruwa a kwalba! Ga sirinji! Ga madubi! Jama'a, wane mai hoto ne ke yawo da wannan?"

"Kayan aiki ne! Madubin na haske ne, sirinjin na ɗiga miya..."

Wani ya ɗauke shi da mari ta baya. Wani da bai ma ji farkon zancen ba ya sauko daga kekensa da ƙarfen taya. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Bappa Gabdo ba suka tashi rama masa da dukkan ƙarfinsu. Muktar ya faɗi, ya duƙunƙune a kan kyamararsa yana kare ta da ƙirji kamar jariri. Suka mirgina shi. Mahmoud ya ɗaga kyamarar sama ya maka ta da bakin kwalbati, sau ɗaya, sau biyu, har gilashin ya tarwatse.

"Da wane hannun ka soka?" in ji Ishiyaku. "Wannan?"

Ya taka hannun dama da takalmi, ya karɓi ƙarfen tayar ya sauke. Ƙarar ƙashin ta fi ta Muktar fitowa.

"A kawo taya!" wani ya ce daga baya. "A kawo fetur!"

"Tsaya," in ji Ishiyaku yana haki. "Sai Bappa ya gan shi tukuna."

Suka ja shi a ƙasa har tsakar gida, aka tura ƙyauren ƙarfe, jama'a suka yi dafifi a waje suna bugu. Daidai nan Hapsatu ta iso da ƙanƙara a leda. Ta ga fasasshen gilashi a kwalbati, ta ga takalmin Muktar ƙafa ɗaya, ta ga tsohuwar taya a ƙofar gidansu da wani riƙe da jarkar fetur. Ta saki ledar. Yadda ta ratsa mazan nan ita ma ba ta sani ba, ta dai ji mayafinta ya tsaya a hannun wani, ta bar masa.

Muktar yana kwance gaban tabarmar Bappa, ido ɗaya ya rufe, hannun ya juya inda hannu ba ya juyawa. Ta faɗa kansa. Sandar da Mahmoud ya riga ya ɗaga ta sauka a kafaɗarta.

"Ka ƙara!" ta ce. "Ƙara mana, Mahmoud, ai ka iya dukan abin da ke ƙasa!"

"Tashi daga jikin ƙaton nan, mara kunya!" Ishiyaku ya finciko ta. Ta riƙe rigar Muktar har ta yage.

"Ku ƙyale ta."

Bappa ne. Yana riƙe da tsumma a baki, muryarsa a dishe, amma kowa ya tsaya.

"Hapsatu. Matso. Mene ne wannan?"

Ta rarrafo ta durƙusa, hawaye da majina sun haɗe mata.

"Bappa, ba ta ci ba ce. Ta hoto ce."

"Kaza ce ko ba kaza ba?"

"Kaza ce."

"An yanka ta da sunan Allah?"

"An yanka."

"Aka ɗora a kan shinkafa, a faranti, a kicin ɗin uwarki. Amma ba ta ci ba ce."

"Bappa, haka ake yi a ko'ina. Allurar don fatar ta miƙe ne, audugar don ta cika ido, man kuma don ta yi ƙyalli. In an gama hoto binnewa muke yi. Wallahi ɓoye ta na yi, ban san Dada za ta gani ba."

"Binnewa?" Dada ta ɗago. "Kaza guda? Tun yaushe?"

"Dada, ki yafe ni..."

"Ni kika bari na ɗauko da hannuna na ajiye wa wan ubanki? Ni, Hapsatu? Me zan ce wa mahaifinki ranar da muka haɗu?"

"Kun ji ko?" in ji Mahmoud. "Ya riga ya juya mata kai. Yarinyar da ta san gidansu za ta faɗi wannan? Abincin da ba a ci! Bappa, a miƙa shi waje kawai."

Bappa bai dube shi ba. Ya yi gyaran murya, ya shafa maƙogwaro, ya tofar da jini a gefe.

"Tambaya ɗaya zan yi. Hannun wa ya soka ƙarfe a abin da na ci?"

"Nawa ne."

Daga ƙasa maganar ta fito. Muktar ya ɗago kai da ƙyar, haƙorinsa na gaba babu.

"Ni na soka, Bappa. Ita ba ta taɓa ba. Ko kallo ba ta yi ba."

"Ƙarya yake yi!" ta ce. "Wallahi ƙarya yake yi! Shi buroshi ya riƙe, ni na soka!"

"Hapsatu, yi shiru."

"Ba zan yi ba! Kana jin abin da suke cewa a waje? Fetur suke nema, Muktar!"

"In kika ce ke ce, ina za ki zauna a garin nan? Wa zai ƙara sayen abincinki? Ki bar ni da su."

"In bar ka su ƙone ka in ci gaba da sayar da shinkafa?"

Ƙyauren ya ƙara girgiza. Bappa ya dube su su biyu, irin kallon da yake yi wa shanun da aka ce masa lafiyarsu ƙalau.

"To ku saurara. In shi ne, na buɗe ƙofa, abin da mutanen waje suka yi da shi tsakaninsu da Allah, ke kuma kina nan 'yata. In ke ce, ya tashi ya tafi, babu mai ƙara taɓa shi. Amma 'yar da ta sa min allura a abinci, ko da wasa, ko don hoto, ba ni ba ita. Ba zan ba da aurenki ga shi ba, ba zan bayar ga kowa ba. Ishiyaku, ɗauko Alƙur'ani."

"Bappa, a yi haƙuri," in ji Mahmoud da sauri, don ya lura hukuncin ya haɗa da shi. "Ai yarinya ce..."

"Kai ma yi min shiru."

Dada ta kama ƙafar 'yarta. "Kada ki rantse. Hapsatu, dube ni. Ki ce shi ne, ai shi ya koya miki. Ba ƙarya kika yi ba in kin ce shi ne."

Hapsatu ta zare ƙafarta a hankali. Ta je bakin randa ta yi alwala, kafaɗar da aka daka ba ta ɗaguwa, da hannu ɗaya ta wanke fuska. Ta dawo ta ɗora tafinta.

"Na rantse da wanda ya saukar da shi, ni na soka alluran nan da hannuna, tun daga ta farko har ta ƙarshe. Ban yi don cutar da kowa ba."

Dada ta rushe da kuka. Muktar ya kifa fuskarsa a ƙasa.

"Shi ke nan," in ji Bappa. "Ishiyaku, fita ka gaya musu na yafe, kuskuren cikin gida ne. Wanda ya taɓa shi ni ya taɓa. Ka tsayar masa da keke." Ya juya ga Mahmoud. "Kai kuma tashi ka mayar da ni Sorau. Ko ruwan gidan nan ba zan sha ba."

Ishiyaku ya fita. Hayaniyar ta ɗan lafa, aka fara jin tsaki, irin na mutanen da aka hana abin da suka riga suka sa rai. Ya dawo ya zare sakata, ya ɗaga Muktar ba da tausayi ba, ya nufi ƙofa da shi.

Hapsatu tana durƙushe inda take. Ba ta da wurin kallo sai farantin da ke gabanta, inda Ishiyaku ya tara alluran a gefe. Hannunta ya kai kansu da kansa. Dokar aikin ce, kullum in an gama hoto sai ta ƙirga abin da ta zare ya yi daidai da abin da ta soka, kafin a binne, don kada kare ko akuya su tono.

Takwas, har da wadda aka cire daga bakin Bappa.

Ta sake ƙirgawa. Ta jawo kazar ta bi ta da yatsu, cinya, fiffike, wuya, ta mutsuttsuke audugar, ta baje shinkafar, ta ɗaga kwanon da ke ƙasa, ta shafa tabarma. Babu.

Uku a kowace cinya, ɗaya a kowane fiffike, ɗaya a wuya. Ita ta soka, ta sani.

Bappa ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya sake gyaran murya, ya shafa ƙasan maƙogwaronsa, ya yamutsa fuska ya haɗiyi yawu da ƙyar. Tsakanin nan da Sorau hanya ce mai ramuka, kuma shi mutum ne da bai taɓa zuwa asibiti da ƙafarsa ba.

Ta dubi ƙofa. Saura taku uku Muktar ya fita. Ga keken a tsaye, ga tayar nan har yanzu a jingine da bango, mai jarkar fetur bai tafi ba. Muktar ya waiwayo da idonsa mai gani, ya ga yatsunta a kan alluran, ya ga fuskarta. Shi ya koya mata ƙirgar. Ya gane.

Bai ce ta yi shiru ba. Bai ce ta faɗa ba.

"Bappa," ta ce.

"Na ce ba ni ba ke."

"Bappa, kada ka shiga mota. Asibiti za a kai ka, yanzu." Ta ɗaga farantin ta nuna masa. "Takwas ne a nan. Tara na soka."

Hannun Bappa ya tsaya a wuyansa.

Mahmoud ne ya fara motsi. Ya taka a nutse ya wuce Ishiyaku, ya sa kafaɗa ya tura ƙyauren a gaban fuskar Muktar, ya mayar da sakata.

"Babu inda za shi," ya ce, da ƙarfi yadda na waje za su ji. "Sai mun ga abin da ya sami Bappa."